Kunnen Kalilu

Nasarawa, Birnin Kebbi
6 ga Nuwamba, 2023

Zuwa ga Kawu Dikko,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Argungu baki ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai mura da ta kama ni, ita ma ta sake ni. Na kira wayarka sau uku ina jin kana ta "wane ne, wane ne", sai na tuna jinka ya yi nauyi. Shi ya sa na rubuta na ba direban motar Argungu.

Yau kwanan ƙanenka Kawu Kalilu goma sha biyu a wurina. Na kai shi asibitin da nake aikin jinya, likita ya duba gyambon nan na kunnensa na hagu, aka ɗan tsinki kaɗan aka auna. Kawu, ba gyambo ba ne. Sankarar fata ce. Likita ya ce tana yawan kama zabiya irinsa, domin fatarsu ba ta da abin tare rana, shi kuwa shekara nawa yana fadama daga hantsi zuwa la'asar ko malafa babu.

Abin godiya, ba ta yi nisa ba. Ranar Talata ta sama za a yi masa tiyata. Ba iya ciwon ake cirewa ba, ana haɗawa da ɗan naman da ke kewaye da shi, kamar rabin faɗin yatsa, saboda saiwoyin da ido ba ya gani. Kai manomi ne, ka san in albasa ta fara ruɓa ba iya baƙin ake yankewa ba.

Shi ya yarda, ya dangwala yatsa. Amma ya ce sai Yaya ya sani. Zumunci ya yi nisa tun rasuwar Inna, duk da haka ban manta kakana Abdussamadu da mahaifinku ciki ɗaya suka fito ba. In da hali ka zo ranar, zai ji daɗi.

'Yarka,
Fiddausi

*

Argungu
9 ga Nuwamba

Fiddausi,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya, sai ƙahwata da ka ciwo in sanyi ya shigo. Na ga takardarki.

Kwana ukku nib ba Kalilu, ba sha biyu ba. Mun shiga dashen albasa, kowa shina duƙe, shi kuwa shina birni ana ba shi shayi. Ki hwaɗa mai irin da yaz zuba ya isa cira, ba ya jiran kowa.

Maganar rana, rana ta Allah ta. Shekara talatin da takwas tana dukan shi ba ta kashe shi ba. Tun da tsohonmu yar rasu ni ka ciyar da shi, ni ka tuhwatar da shi, ba wanda yab ba shi ɗiya aure kuma ba wanda yaz zo yat tambaye ni yadda nika yi da shi. Yanzu ɗiyar Nana Aisha ta sa hwarin kaya za ta koya man riƙon ƙanena, har da albasa.

Ba ni zuwa, ba ni da wanda zan bar ma gona. Ku yi abin da za ku yi, ku maido man shi kahin sati.

Dikko

*

Nasarawa
17 ga Nuwamba

Kawu Dikko,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ka riƙa gasa ta da ruwan ɗumi da safe.

Alhamdulillahi, an yi aikin, ya farka lafiya. Sun cire ciwon, sun haɗa da naman da ke da lafiya a gefensa kamar yadda na faɗa maka, don haka rabin kunnen na sama ya tafi, da ɗan fatar bayansa. Wurin ya yi faɗi ba ya ɗinkuwa, sai suka yanko fata daga cinyarsa suka rufe. Abin da aka cire an sa a kwalba an aika Sakkwato, can za a duba gefensa a ga ko an ci iyakar ciwon. Sai bayan kamar sati uku za mu ji.

Jiya da nake canza masa bandeji ya ce in ba shi madubi. Ya kawo shi dab da hancinsa, ka san ganinsa, ya daɗe yana kallo. Sai ya yi dariya ya ce, "Fiddausi, yanzu kam na zama akuyar gidan Yaya, har da shaida ga kunne." Na ce masa ai akuya ba ta samun malafa sabuwa. Na saya masa ɗaya mai faɗi, da riguna masu dogon hannu, da man da ake shafawa don rana. Ko a ɗaki ba ya yarda ya cire malafar.

Kawu, sati ɗaya ba zai yiwu ba. Fatar da aka dasa tana bukatar ta kama, in ƙasa ko ruwan fadama ya taɓa ta za ta mutu. Ka yi haƙuri ka ba mu wata guda. Kullum yana tambaya ko ka aiko.

'Yarka,
Fiddausi

*

Argungu
25 ga Nuwamba

Fiddausi,

Muna lahiya. Wagga takarda zan bar ta hannun maƙwabciyarki, don sa'ad da kika karanta ta na riga na ɗauke ƙanena.

Na karanta taki sau biyu, sannan nik kai ta bakin kasuwa inda muka zama, anka karanta ma dattawa. Ba wanda yaƙ ƙara maki ko harahi. Da hannunki kir rubuta an yanke nama mai lahiya. Da hannunki kir rubuta an yanki cinya. Ciwo shina ga kunne, mi ya kai wuƙa ga cinya? Kuma kic ce an sa cikin kwalba an tura wani gari. Wa aka kai ma?

Mu ƙauyawa na ga idonki, amma muna da kunne. Mun san abin da aka yi da naman zabiya, mun san masu neman kujera da masu neman dukiya da ka biɗar shi. Shekara bakwai ba ki taka Argungu ba, ko gaisuwar mutuwar matata Riskuwa ba ki zo ba. Rana ɗaya kin gan shi wurin suna can Birnin Kebbi, sai tausai ya kama ki, ke ce malahwa, ke ce riguna. Ashe kiwo na.

In kina da gaskiya, ki maido kwalbar da abin da ac ciki, in gani da idona, in rufe shi ga ƙasa yadda addini yac ce. In ba ki maido ba, kin san abin da kic ci.

Dikko

*

Nasarawa
11 ga Disamba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka don Inna ta koya mini gaida manya. Lafiyata ƙalau, ina fatan taku haka.

Sati biyu na yi ban iya ɗaukar biro ba. Ka zo ina wurin aiki, ka ɗauke mutum da zaren ɗinki a bayan kunne, ka bar maganinsa a kan tabarma. Maƙwabciyata ta ce yana tambaya, "Ba mu jiran Fiddausi?" ka ce masa ya shiga mota. Abin da ka ɗora mini kuwa na bar ka da Allah. Ba shi ya sa na rubuto ba.

Sakamako ya zo daga Sakkwato. Ka karanta wannan a hankali, don Allah, kai kaɗai, ba a kasuwa ba. Gefe uku sun fita tas. Gefen ƙasa, wajen wuya, an ga ciwon ya kai har bakin inda wuƙa ta bi. Ma'ana abin da aka yanka bai isa ba, akwai saura a jikinsa. Likita ya ce a dawo da shi cikin watan nan a ƙara yanke kaɗan a wurin, shi ke nan, da yardar Allah ya rabu da ita. In aka bari, sama za ta warke ka ɗauka an gama, ita kuwa tana ci ta ciki.

Maganar kwalba, naman an yayyanka shi siriri kamar bawon albasa an manna a gilashi, da haka ake dubawa. Ba abin da zan iya maido maka. Ga takardar sakamakon na haɗa, ka kai wa duk likitan da ka yarda da shi a Argungu ya fassara maka. Ka zo da kanka ka tsaya a ƙofar ɗakin tiyatar, ka zo da liman in ka so.

Ka karanta wa Kawu Kalilu wannan. Jikinsa ne, ya kamata ya ji.

Fiddausi

*

Nasarawa
8 ga Janairu, 2024

Kawu,

Salama. Ina fatan kuna lafiya. Wata guda ba amsa.

Ka san na zo ranar Juma'a, domin kana zaure lokacin da aka ce mini ba ka nan. Na ga takalmanka. Matan gidan ba wadda ta amsa sallamata, wata ta janye ɗanta ta tura shi ɗaki.

Na hau babur zuwa fadama. Na same shi yana ban ruwa da tsakar rana, ba malafa a kansa, bayan wuyansa ya yi ja kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Na ce, "Kawu Kalilu, ni ce." Ya tsaya ya karkata kai don ya gane muryar. Da ya gane sai ya ja baya har ya taka kunyar albasa, ya ɗaga fartanya. Ya ce, "Kar ki matso. Wanda kika ɗauka bai ishe ki ba?" Na ce ya bari in yi masa bayani. Ya ce, "Yaya ya karanta man. Kin ce naman bai isa ba, a ƙaro." Mutanen gonakin gefe suka fara taruwa, mai babur ya ce in hau mu tafi tun da mutunci.

Haka ka karanta masa? A cikin takarda guda, layin da ka zaɓa ke nan?

Na ga wurin daga nesa. Fatar ta kama, ta yi kyau, kuma wannan ne ke ba ni tsoro. Likita ya ce har yanzu da sauran lokaci, amma ba mai yawa ba. In ni ce ba ku so, ku kai shi Sakkwato ko Zariya, kada ma in sani. Ina roƙonka da girman Allah.

Fiddausi

*

Argungu
14 ga Maris

Fiddausi,

Muna lahiya, azumi ya kama mu muna cirar albasa, kuma Allah ya ba da albarka bana.

Takardunki biyu sun iso. Ban amsa ba don ina jiran in ga mutuwar da kic ce. To, ga shi wata huɗu. Kunne ya warke ƙaf. Mutumin da kunka ce kada ya taɓa ƙasa shi kaɗai yac cire kadada guda. Ɗan ƙulli na yat taso mai ga wuya, kamar ƙwallon goriba, wanzami ya yi mai sakiya ya sa magani, ba a yanki cinyar kowa ba.

Abin da nik karanta mai, abin da kir rubuta na. "Bai isa ba." Ko ba ke kir rubuta ba? Takardar Turancin da kih haɗo an ƙunshe ma yara ƙosai da ita.

Na tara dangi na hwaɗa masu. Mun yanke, ba ke ba gidanga, ba biki ba mutuwa. Danginmu na Augie ma na aika masu, don su san wadda za su buɗe ma ƙohwa. Uwarki mutuniyar kirki ta, Allah ya rufa mata asiri da ba ta ga wanga ba.

Kada ki sake rubutowa.

Dikko

*

Argungu
22 ga Yuli

Fiddausi,

Bayan gaisuwa. Muna lahiya, ruwa ya yi yawa bana.

Ga Kalilu nan tare da direba. Ƙullin ya hwashe tun bayan babbar Salla, ya ci wuya har haɓa. Wanzami ya ce ya fi ƙarhinshi. Ba ya iya duƙawa, ba ya iya tauna, wata biyu ke nan bai taka gona ba. Wari ya hana yara cin tuwo, mun kai shi ɗakin da muka aje albasa, nan ma ƙuda sun ishe mu, mata sun ce ba su iyawa.

Ku kunka taɓa shi da wuƙa, ku kunka tada ciwon. Kahin ku gyambo na kawai. Kin ce kuna son ƙari, to ga shi nan gaba ɗaya, ku yanki abin da kuka so. Ba shi son zuwa, ya yi kuka, na ce mai ba inda za mu sa shi.

Kayanshi na cikin buhu.

Dikko

*

Nasarawa
17 ga Agusta, 2024

Kawu Dikko,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni lafiyata lau.

Kawu Kalilu ya rasu shekaranjiya Alhamis, bayan la'asar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi masa sutura a nan Nasarawa. Maƙwabtana ne suka ɗauke shi, mutum goma sha ɗaya, ba wanda ya san shi a cikinsu. Na aika maka da direba sau biyu tun Kawu Kalilu yana da rai. Ya ce ka ce ka ji.

Zan faɗa maka yadda ya ƙare, ko kana so ko ba ka so, domin kai ne wansa.

Ranar da ya iso direba ya sauke shi a bakin titi don fasinjoji sun yi ta ƙorafi. Na same shi zaune a kan buhunsa, ya naɗe wuya da tsumma. Washegari likitan da ya yi masa aikin farko ya buɗe tsumman. Ya duba wurin, sannan ya fita da ni waje. Ya ce ta shiga jijiyoyin wuya, ta kama ƙashin muƙamuƙi, babu sauran gefe mai lafiya da wuƙa za ta bi. Ya ce a watan Disamba aikin rabin awa ne. Ya rubuta maganin rage zafi, muka dawo gida.

Kwana ashirin da huɗu ya yi a ɗakina. Ba ya karɓar komai daga hannuna. In na dama kunu sai na kai wa maƙwabciya ta kawo masa a matsayin nata. In zan wanke ciwon yana rufe ido, yana karanta duk addu'ar da ya sani, da na gama sai ya shafa ɗaya kunnen, ya shafa yatsunsa. Ya ɗauka ban gani ba.

Na yi masa bayani, ba sau ɗaya ba. Na sa likita ya zo har gida ya yi masa. Na faɗa masa duk abin da ke cikin takardun da ba ka karanta masa ba. Sai ya saurara har in gama, ya ce, "To." Rannan na matsa masa, na ce, "Kawu, ka yarda da ni?" Ya ce, "Fiddausi, kina da kirki. Amma Yaya bai taɓa yi man ƙarya ba."

Ranar Talata ya sa aka kira masa limamin unguwarmu. Ina tsakar gida ina jin su. Ya roƙe shi ya yi masa wanka da hannunsa, ya duba shi sosai kafin a naɗe, kuma kada a nuna mini kabarin. Liman ya fito ya kasa kallona. Ya cika masa alkawari, har yanzu ban san inda yake kwance ba.

Ranar Alhamis da azahar ya kira sunana. Wannan ne karo na farko da ya neme ni da kansa tun zuwansa. Maganar ba ta fita sosai, sai da na kai kunne bakinsa. Ya ce, "Kin wahala da ni. Abin da kika samu da namana, na yafe miki, duniya da lahira. Ki ci, halal ne."

Na buɗe baki in ce ban ci komai ba. Na ga numfashinsa, na ga ba sauran lokacin gardama, kuma na ga yadda ya samu sauƙi da ya faɗa. Na ce, "Na gode, Kawu." Ya bari na ba shi ruwa a cokali, ya sha biyu.

Ba na neman ka zo, kuma ba na neman ka wanke ni a wurin dangi. Wannan ce takardata ta ƙarshe zuwa gare ka. Na rubuta ne domin ya bar mini saƙo, kuma saƙon mamaci amana ne.

Ya ce a gaida Yaya. Ya ce ka yi haƙuri, ya bar ka da dashen shinkafa kai kaɗai.

Wassalam,
Fiddausi